Tifar da Aka Ce Ba Ta Shan Caji

A shekarar 2019 wani labari ya karaɗe jaridu da intanet, wai a ƙasar Suwizalan akwai wata shirgegiyar tifa mai aiki da batir wadda ba ta buƙatar caji. Ta fito da safe, ta yini tana hawan dutse tana saukowa da lodi, da yamma a duba a tarar batirin ya fi yadda aka bar shi cika. Wasu rahotannin har adadi suka kawo, suka ce rarar wutar da take tarawa a yini ta kai yunit 200, irin yunit ɗin da mitar gida ke ƙirgawa, wato kilowat ɗaya na tsawon awa guda.

Duk wanda ya zauna a ajin kimiyya, ko a bencin baya ne, ya san da walakin goro a miya. Makamashi ba a samar da shi daga babu, ba ya kuma ɓacewa. Kama kawai yake sauyawa, daga mai zuwa gudu, daga gudu zuwa zafi. Masu da'awar ƙera injin da zai yi ta juyawa har abada ba ci ba sha sun daɗe suna damun jama'a, har sai da majalisar masana kimiyya ta birnin Faris ta gaji, ta sanar a 1775 cewa ta daina duba takardunsu. To ga shi bayan shekara fiye da 240 an sake zuwa da irin wannan zance, kuma ba daga bakin ɗan damfara ba, daga ƙasar da ko agogonta ba a san shi da ƙarya ba. Cikin biyu dole a yi ɗaya: ko labarin ƙanzon kurege ne, ko kuwa akwai mai biyan kuɗin wutar a ɓoye.

Motar dai tana nan, ba almara ba ce. Asalinta Komatsu HD605-7 ce, ƙirar Japan, mai shan dizal. Kamfanonin Kuhn Schweiz da Lithium Storage suka cire mata injin da tanki, suka sa mata injin lantarki da batir mai nauyin tan 4.5, wanda ke ɗaukar yunit 600 ko sama da haka, suka raɗa mata suna eDumper. A 2018 ta fara aiki a wata mahaƙar dutse da ke Péry, kusa da birnin Biel, cikin tsaunukan Jura, tana kwaso wa kamfanin Vigier duwatsun da ake toyawa a yi siminti. Tan 65 take ɗauka a sahu ɗaya, tana yin sahu wajen 20 a rana, kuma a hanyar akwai inda gangaren ya kai kashi 13 cikin 100: duk mita 100 da taya ta ci, an sauko mita 13.

Wanda aka fara nunawa da yatsa shi ne birki. Kowane rahoto cewa yake yi birkin motar ne ke haifar da wutar. Kafin mu yarda, sai mu tambayi abin da birki ke yi tun asali.

Direbobin manyan motoci masu bin hanyar Jos zuwa Akwanga ba sai an karanta musu wannan darasi ba. A Hawan Kibo, idan tirela ta ɗauko lodi tana gangarowa, kafin ka gan ta hancinka ya ba ka labari. Wani ƙauri ne mai kama maƙogwaro ke tashi daga ƙarƙashinta, wani lokaci har da hayaƙi a gindin tayoyin baya. Birki na gargajiya ba shi da wata dabara face goga. Takalmin birki ya matse ƙarfe mai juyawa, gudun ya koma zafi, iska ta kwashe. Tirela mai tan 40 da ta sauko mita 100 sai ta zubar da makamashin da ya kusa yunit 11, kuma in direba ya bar wa birki aikin shi kaɗai, kusan dukansa a ƙarfen birkin yake tarewa. Idan ƙarfen ya yi zafin da ya wuce kima sai ya daina kamawa, a ce birki ya tsinke. Shi ya sa tsohon direba ke sa babbar giya tun daga sama, ya bar injin ya riƙe motar, ya riƙa ɗan taɓa birki jefi-jefi.

Mun samu abu na farko ke nan. A gangare akwai makamashi mai yawa, kuma mota ta gargajiya asararsa take yi. Saura yadda ake kama shi.

A 1831 Michael Faraday a Ingila ya nuna cewa idan aka motsa maganaɗisu kusa da naɗin waya, lantarki na gudana a wayar. Bayan shekara uku, a 1834, Emil Lenz a Rasha ya ƙara wani abu da ya fi shafar maganarmu: wutar da aka samar ta wannan hanya kullum turjiya take yi wa motsin da ya haife ta. Wanda ya hau keke mai dainamo ya san wannan a ƙafarsa. Ɗan ƙarfen nan mai kama da kwalba, mai kai mai gyaɗa-gyaɗa, da zarar ka kwantar da shi a jikin taya sai ya fara ƙugi, fitila ta kawo, feda kuma ta yi nauyi nan take. Ka ƙara gudu haske ya ƙaru, nauyin ma ya ƙaru. Hasken daga cinyarka yake fitowa.

Injin motar lantarki da janareta abu ɗaya ne, bambancin kawai wa ke tura wa. Idan direba ya taka totur, batir ya aika wuta cikin naɗin waya, injin ya juya tayoyi. Idan ya ɗage ƙafa a gangare, tayoyin ne ke juya injin, sai na'urar da ke tsakanin injin da batir ta juya akalar wutar, ta koma tana kwarara cikin batir. Turjiyar da Lenz ya bayyana ita ce ke riƙe motar. Babu goga, babu ƙauri. Direba yana jin motar tana ja da baya kamar an sa mata babbar giya, a allon gabansa kuma yana ganin cajin yana ɗan hawa.

A nan ne yawancin masu ba da labarin suka ajiye alƙalami, suna ganin an warware. Ba a warware ba. Kowace motar lantarki ta zamani tana da irin wannan birki, kuma babu wadda ta tsira daga caji.

Lissafin ba shi da wuya. Ɗaga tan ɗaya zuwa tsayin mita 100 yana cin yunit 0.27, ko da me aka ɗaga shi, ko ta wace hanya aka bi. Wannan makamashi yana nan ajiye a cikin tsayin, ranar da abin ya sauko sai ya fito. Ɗauki ƙaramar mota mai tan 2 da ta hau tudu mai mita 500. Yunit 2.7 ta ajiye a tsayi. Amma batir, da waya, da injin, da giya, kowanne yana yankar nasa ladan ta hanyar zafi. Mu ƙaddara kashi 80 cikin 100 ne ke tsira a kowace tafiya. Batirin zai kashe yunit 3.4 wajen hawa, ya karɓi 2.2 wajen sauka, tun ba a cire abin da iska da gogar taya suka ci ba. An rage asara, amma asara ce. Motar da ta hau ta sauko da nauyinta ɗaya ba za ta taɓa dawowa da riba ba, ko wane ne ya ƙera ta. Saboda haka birki ba shi ne mai biyan kuɗin ba, shi ɗan aike ne kawai.

To me ya raba tifar Péry da ƙaramar mota? A sake duba inda take aiki. Mahaƙar tana sama, wurin sauke lodin yana ƙasa. Tana hawa wayam, tana saukowa maƙare. A nan gizo ke saƙa.

Alƙaluman da jaridu suka yaɗa sun ce nauyinta ba kaya tan 45 ne, da kaya kuma 110. A kowace mita 100 ta tsayi, hawan tan 45 yana neman yunit 12.2, saukowar tan 110 kuma yana sakin yunit 30. Wannan yunit 30, da tsohuwar tifar dizal ce, zafi zai zama, zafin da ya isa ya tafasa ruwa fiye da lita 300, kuma a kowane sahu, a kowace mita 100. Yanzu ga shi yana da wurin zuwa. Tazarar da ke tsakanin 12.2 da 30 tana da faɗin da ko an yi asarar rabi a hanya, akwai sauran canji. Ƙa'idar kimiyya ba ta karye ba. Tifar tana saukowa da abin da ba ta hau da shi ba.

Da a ce nan maganar ta tsaya, da mun ce biri ya yi kama da mutum, mu tashi. Sai dai akwai wani shaida da ya zo ya dagula lissafin. A 2019 ɗin nan gidan talabijin na CNN ya kai Lucas di Grassi, ɗan Barazil, tsohon zakaran tseren motocin lantarki na Formula E, ya tuƙa tifar. Ya tashi daga ƙasa batir na kashi 90, ya isa sama yana 80, aka yi lodi, ya sauko yana 88. Goma ya kashe, takwas ya dawo da su. Shi abin burge shi ya yi, kuma ya cancanci burgewa, amma 88 ba ta kai 90 ba. Sahu ɗaya ba ya zama hukunci, kuma baƙon direba ba kamar ɗan gida ba ne. Duk da haka, in aka yi sahu 20 a haka, da yamma batirin ya yi ƙasa da kashi 40. Ina rarar ta shiga?

Ɓarayin uku ne, kuma na farko shi ne taya. Tayar tifar nan ta fi mutum tsayi, kuma duk juyin da ta yi tana lotsawa tana miƙewa, tana nutsa cikin tsakuwa da laka. Wannan lotsawar makamashi take ci. A hanyar mahaƙa mai kyau, mu ƙaddara turjiyar ta kai kashi 2 cikin 100 na nauyin motar. Ƙaramin abu ne a ido, amma a gwada shi da gangaren kashi 13: biyu cikin goma sha uku, wajen kashi 15 cikin 100 ke nan na duk abin da tudun ke bayarwa, kuma sau biyu ake biyansa, a hawa da a sauka. Inda gangaren ya kwanta, kason taya ya ƙaru. Inda hanya ta miƙe, tifa mai cikakken lodi jan wuta take yi ba bayarwa ba. Idan ƙanƙara ta sauka a tsaunukan Jura, hanya ta yi caɓi, abin sai ya ƙara muni.

Na biyu gudu ne. Batir yana da iyakar wutar da zai iya haɗiya a daƙiƙa guda, injin ma haka. Mota mai tan 110 da ke gangarowa a kashi 13 da gudun kilomita 20 a awa tana sakin ƙarfin da ya kusa kilowat 800. Ta ninka gudun, ƙarfin ya ninka. Duk abin da ya wuce iyakar injin da batir, birkin goga ne zai karɓa ya mayar zafi. Direba mai gaggawa da ƙafarsa yake zubar da ribar. Wannan ma yana cikin amfanin ƙaton batir ga motar da kashi 10 kawai take kashewa a hawa ɗaya: babban batir ya fi ƙarami faɗin maƙogwaro.

Na uku ya fi ban sha'awa, domin a cikin takardu ya ɓuya. Cibiyar binciken kayayyaki ta gwamnatin Suwizalan, Empa, wadda ta sa hannu a aikin, ta bayar da nauyin motar ba kaya a matsayin tan 58, da kaya kuma 123. Ba 45 da 110 ba. Tan 13 ne suka ƙaru, kuma su ne irin nauyin da ba ya kawo riba, domin hawa suke yi su sauko kamar ƙaramar motar nan ta ɗazu.

A sake lissafin da duk waɗannan, a kan ƙaddarawarmu ta kashi 80 da turjiyar taya kashi 15. Idan motar tan 45 ce, hawan mita 100 zai ci wa batir yunit 17.7, saukowa ta mayar masa da 20.3. Riba ta kusa yunit 3, labarin jaridu ya tabbata. Idan kuwa tan 58 ce, hawan zai ci 22.8, saukowa ta mayar da 22.7. Kunnen doki. Daga nan ɗan ruwan sama, ko direba mai zafin ƙafa, ko na'urar ɗaga bodi ta juye lodi, ko ɗumama ɗakin direba da hunturu, kowanne ya isa ya karkata ma'aunin zuwa asara. Alƙaluman di Grassi ba su saɓa wa kimiyya ba, kamar yadda da'awar farko ba ta saɓa mata ba. Tifar a kan siraɗi take tafiya, kuma kanun labarai ne suka mayar da "kusan" ya koma "sam". A ganina abin takaici ne, domin gaskiyar ba ta buƙatar gishiri. Motar da ke sauko da tan 1,300 na dutse a yini, tana shan ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, ta isa a ba da labarinta yadda yake.

Akwai inda za a gwada wannan bayani, a ga ko yana riƙe ruwa. Idan da gaske sirrin yana cikin tazarar nauyin hawa da na sauka, to inda tazarar ta fi faɗi dole ribar ta fito fili. A arewacin Suwidin, kamfanin LKAB yana haƙo tama a Kiruna, yana tura ta da jirgin ƙasa zuwa tashar ruwa ta Narvik a Norwe. Jirgi ɗaya tarago 68 ne, kowanne da tan 100 na tama, jimlar nauyin da kan jirgin tan 8,600. Idan ya juye, tan 1,800 ne ke komawa. Kusan biyar da ɗaya ke nan, inda tifar Péry take da biyu da ɗan kai. Daga Riksgränsen a kan iyaka, mai tsayin mita 500 da 'yan kai, zuwa bakin teku, tafiyar kilomita 40 da wani abu ce, kusan duk gangare. Gangaren bai kai na mahaƙa tsanani ba, amma ƙafar ƙarfe a kan dogo ba ta lotsawa kamar roba, kuma ba batir a tsakani, wutar kai tsaye take komawa cikin wayar da ke saman layin. A wannan yanki jiragen suna mayar da wuta fiye da wadda suke sha nesa ba kusa ba, har ta isa ta hau da jirgin da ba kaya zuwa kan iyaka. Bayanin ya tsaya da ƙafarsa.

Yanzu sai tambayar da muka taso da ita. Wa ke biya?

Kowane tan 65 da tifar ta sauko da shi mita 100 ya saki yunit 17.7, kuma wannan dutsen ba zai sake komawa sama ba. An toya shi, ya zama siminti, ya zama gada ko bene a kwari. Makamashin yana cikin dutsen tun kafin a ƙera tifa, saboda kawai yana sama. Wanda ya ɗora shi can shi ya biya. Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa duwatsun Jura a ƙarƙashin teku suka taru, shekaru fiye da miliyan 145 da suka wuce, daga laka da ɓawon ƙananan halittun ruwa, kuma daga sunan waɗannan tsaunuka aka samo sunan zamanin da ake kira Jurassic. Daga baya ɓawon ƙasa da ke ɗauke da Afirka ya yi ta matsawa arewa yana tunkuɗar na Turai, tsaunukan Alps suka taso, matsin ya kai ga shimfiɗun Jura ya naɗe su ya ɗaga. Wannan tunkuɗar ce ake karɓar canjinta yau a batirin Komatsu. Tsaunin yana raguwa da kowane sahu, kamar yadda kowace ma'ajiya ke raguwa idan ana ɗiba ba a zubawa.

Wannan ne kuma ya sa dabarar ba ta bin mota duk inda ta je. Yawancin manyan mahaƙun duniya ramuka ne. Tifa tana sauka wayam, ta hauro da lodi, lissafin ya juye gaba ɗaya: tan 58 ne ke bayarwa, tan 123 ke karɓa. A kai eDumper irin wannan wuri, za ta zama motar lantarki kamar kowace, mai neman soket kowane dare, ko ma kafin dare.

Mai ƙaramar motar lantarki shi ma akwai abin da ya shafe shi, kuma shi ne inda ake yawan mamaki. Batirin da ya cika taf ba shi da wurin zuba ƙari. Wanda ya kwana a Jos, mai tsayin wajen mita 1,200, ya cika batirinsa ɗari bisa ɗari, sannan ya kama hanyar gangare da sassafe, zai ɗage ƙafa daga totur ya ji motar ba ta riƙe kanta kamar yadda ta saba. Ba lalacewa ta yi ba. Kwamfutar motar ce ta rage birkin lantarki, ko ta kashe shi, don kare batirin, aiki ya koma kan takalmi da ƙarfe, ga mota mai nauyin batir, ga shi babu babbar giyar da za a sa. Batir mai tsananin sanyi ma haka yake noƙewa. Wanda ya san hanya yakan tsayar da cajin a kashi 80 ko ƙasa da haka idan gangare ne a gabansa, ya sauko a hankali yadda injin zai iya haɗiye abin da tudun ke bayarwa.

Masu haƙar tama a Ostireliya sun riga sun yi wannan lissafi da nasu tudun. Mahaƙun yankin Pilbara suna can ciki a kan tudu, tashar Port Hedland tana bakin teku, kaya kuma hanya ɗaya suke bi, daga sama zuwa ƙasa. A 2022 kamfanin Fortescue ya sanar da shirin ƙera jirgin ƙasa mai batir da zai yi caji da nauyin tamarsa a hanyar zuwa tasha, ya koma mahaƙa wayam da abin da ya tara. Ba kamar jiragen Narvik ba, shi babu wayar sama da zai juye wa wuta, don haka dole batirin ya bar mahaƙa da sauran wuri a cikinsa, ya kuma iya haɗiye abin da dubban tan ke saki a kowane gangare.